BABI NA UKU: KARIYAR DOKA GA MASU TAWAYAR ƘWAƘWALWA DAGA ZALUNCIN MARIƘANSU A DUTSIN-MA DA KURFI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani game da ƙasar Dutsin-ma da Kurfi da tsarin zaman iyali a cikinta. A wannan babi kuwa za a dubi irin kariyar da doka ta tanadar wa mutumin da ya taso da tawayar ƙwaƙwalwa, musamman idan mai cutar da shi ba bare ba ne, a'a, shi ne wanda yake riƙonsa, yake ci da shi, yake sha da shi. Za a nuna cewa ba rashin doka ne matsalar ba. Dokokin suna nan, wasu an gaje su tun daga tsohuwar Jihar Arewa, wasu na shari'ar Musulunci ne, wasu kuma sababbi ne da aka kafa daga shekarar 2003 zuwa 2023. Matsalar ita ce kusan dukkansu an gina su a kan zaton cewa wanda aka zalunta zai kai ƙara, ko kuma waliyyinsa ya kai a madadinsa. To a nan wanda aka zalunta ba ya iya kai ƙara, waliyyin kuwa shi ne abin ƙarar.

3.1 Waɗanda ake nufi da masu tawayar ƙwaƙwalwa

Abin da ake nufi da tawayar ƙwaƙwalwa a wannan nazari shi ne naƙasar da aka haifi mutum da ita, ko ta same shi tun yana ƙarami, har ta hana fahimtarsa ko maganarsa ko iya kula da kansa su bunƙasa kamar na tsararsa, kuma ta zauna masa har girma. Likitoci sun danganta ta da abubuwa da dama, kamar doguwar naƙuda, da shawarar jarirai, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa, da tamowa, da kuma abin da ya shafi ƙwayoyin halitta. Annobar sanƙarau ta shekarar 1996 ta bar yara da yawa a Arewacin Nijeriya da irin wannan tabo, haka kuma gubar darma da ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙar zinariya a Jihar Zamfara a 2010.

Bahaushe yana da sunaye barkatai ga irin waɗannan bayin Allah: wawa, dolo, gaɓo, sususu, galahanga. Idan yaro ya ƙi zama, wuyansa ya ƙi tsayawa, yawu yana dalala, wasu kan ce ɗan ruwa ne, wato aljannu ne suka musanya shi. Wannan suna na ƙarshe ya fi sauran haɗari, domin yana fitar da yaron daga sahun 'yan Adam, wanda kuwa aka fitar daga wannan sahu ba a ganin an zalunce shi.

Ya kamata a bambance wannan tawaya da hauka. Mahaukaci ya taɓa samun cikakken hankali sannan ya gushe, kuma yana iya dawowa da magani. Mai tawayar ƙwaƙwalwa ba ciwo yake yi ba balle a jira ya warke. Koyo ne yake yi masa wuya, amma yana sanin mai ƙaunarsa da mai dukansa, yana jin yunwa, yana jin tsoro. Malaman fiƙihu sun lura da wannan bambanci, shi ya sa suka ware majanuni da ma'atuhu da safihi. Wasu tsofaffin dokokin Turawa kuwa sun tattara su a ƙarƙashin kalma ɗaya mai ma'anar rashin lafiyar hankali.

3.2 Mariƙi da nau'o'in cutarwa

Dutsin-ma da Kurfi ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a masarautar Katsina, a kan hanyar da ta taso daga birnin Katsina ta nufi Ƙanƙara. Hakimin Dutsin-ma shi ne Yandakan Katsina, na Kurfi kuma Maraɗin Katsina. Ƙidayar 2006 ta ba Dutsin-ma mutum kimanin 170,000, Kurfi kuma kimanin 117,000, akasarinsu manoma da makiyaya a garuruwa irin su Karofi da Kuki da Makera da Birci da Rawayau da Tsauri da Wurma. A irin wannan wuri ba ma'aikacin gwamnati ne yake kula da mai tawaya ba kamar yadda ake yi a Turai. Uwa ce take kula da shi. Idan ta rasu ko aurenta ya mutu, sai riƙon ya faɗa hannun kaka, ko kishiyar uwa, ko baffa, ko wa. Wani lokaci kuma akan miƙa shi ga malami ko mai magani, a ce a yi masa addu'a ko a kore masa iska. Duk waɗannan su ake kira mariƙa a wannan babi.

Cutarwar da aka fi sani ita ce ɗauri da kulle. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Daura, suka fito da mutum 67, kwanaki kaɗan bayan haka suka fito da wasu ɗaruruwa daga wani gidan a birnin Katsina. Gaskiya ne yawancin waɗanda aka samu an kai su ne saboda shaye-shaye ko gagara, amma abin lura shi ne iyaye da dangi ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. A watan Nuwamba na wannan shekara ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta bayyana cewa ta ziyarci wurare 28 a jihohi takwas da Abuja, ta tarar ana ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a mafi yawansu, har da asibitoci. Abin da ya faru a Birnin Kebbi a watan Agusta na 2020 ya fi kusa da batun wannan nazari, inda aka ceto wani yaro mai kimanin shekara 10 wanda aka ɗaure a garken dabbobi na gidan ubansa tsawon shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyarsa. Wannan bai faru a wata cibiya ba, a cikin gida ya faru, a tsakiyar unguwa.

Bayan ɗauri akwai duka, da horon yunwa, da sa shi bara ana karɓe abin da ya samo, da cinye masa gado, da kuma yin lalata da mace wadda ba ta iya faɗin wanda ya yi mata. Rashin tsaron da ya addabi wannan yanki tare da Safana da Batsari da Ɗanmusa ya ƙara dagula al'amarin, domin idan ƙauye ya watse, maƙwabtan da suka san yaro tun haihuwarsa, masu iya cewa "ina wane, kwana biyu ba a gan shi ba?", su ma sun watse.

Sai dai adalci ne a ce ba kowane ɗauri ne ya taso daga mugunta ba. Uwar da ta ɗaure ƙafar ɗanta a jikin turke don ta je rijiya, saboda ya taɓa faɗawa cikin wuta, ba ɗaya take da wanda ya kulle maraya don ya ci gonarsa ba. Doka mai kyau dole ta iya raba waɗannan biyu, ta taimaki ta farko, ta hukunta na biyu.

3.3 Tsarin Mulki

Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta azabtar da kowa ko wulaƙanta shi, bai kuwa ware mai tawaya ba. Amma sashe na 42 da ya hana nuna bambanci ya lissafa ƙabila da asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci naƙasa ba. Sashe na 35 kuma ya yarda a tsare wanda ba shi da lafiyar hankali domin kulawa da shi ko kare jama'a, da sharaɗin a bi hanyar da doka ta shimfiɗa. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin yana nufin dangi ba su da ikon yanke wa mutum hukuncin tsarewa su kaɗai a zaure.

3.4 Kundin hukunta laifuffuka

Kundin Hukunta Laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, an kafa shi a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. An tsara shi bisa na ƙasar Sudan, wanda shi kuma ya samo tushe daga na Indiya na 1860. Jihar Katsina ta gaje shi daga Jihar Kaduna lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1987. Lambobin sassan da za a ambata a nan na wannan kundi na asali ne, domin jihohin da suka sabunta nasu sun canza jerin lambobin.

Sashen da ya fi kowane amfani ga wannan batu, kuma wanda jama'a ba su san shi ba, shi ne na 55. Abin da aka sani game da shi shi ne ya yarda uba ko mariƙi ko malami ya hori yaron da bai kai shekara 18 ba, muddin horon bai kai ga mummunan rauni ba. Da wannan ne mariƙi kan kare kansa, ya ce tarbiyya yake yi. To amma sakin layi na biyu na sashen ya gindaya sharuɗɗa biyu. Na farko, dole horon ya dace da shekarun wanda ake hora da yanayin jikinsa da na hankalinsa. Na biyu, babu horon da ya halatta ko kaɗan a kan wanda ba zai iya fahimtar dalilin da ya sa ake horonsa ba, ko don ƙuruciya ko don wani dalili daban. Ma'anar wannan a fili take. Yaron da yake fitsarin kwance yana da shekara 14 saboda tawayarsa, ko yake fita tsirara, ko yake kifar da tuwo, idan bai san abin da ya haɗa bulalar da laifin ba, to dukansa ba horo ba ne a idon doka, laifin jin rauni ne kamar yadda za a ɗauke shi idan bare ne ya yi. Tun 1960 wannan magana take a rubuce. A ganin wannan nazari, da za a fassara wannan sakin layi kaɗai zuwa Hausa a karanta wa masu unguwanni da limamai, da ya yi aikin da sababbin dokoki da yawa ba su yi ba.

Sashe na 241 ya fayyace mummunan rauni, ya haɗa da karaya, da gocewar ƙashi, da rasa gani ko ji, da duk ciwon da ya hana mutum harkokinsa har kwana 20. Sashe na 255 ya yi bayanin tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, wanda kulle a ɗaki ko sa mari yake shiga ƙarƙashinsa. Game da lalata kuwa, sashe na 39 ya ce yardar wanda rashin lafiyar hankali ya hana shi gane abin da ya yarda da shi ba yarda ba ce, sannan sashe na 282 ya ɗauki saduwa da mace marar lafiyar hankali a matsayin fyaɗe, ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Ke nan wanda ya ce ai da alewa ya kira ta ta zo da ƙafarta, ya amsa laifinsa ne da bakinsa.

Inda kundin ya gaza shi ne wajen sakaci. Sashe na 238 ya tanadi hukunci ga wanda yake riƙon yaro ya muzguna masa ko ya yi watsi da shi da gangan, amma ya taƙaita ga yaron da bai kai shekara 15 ba. Mai tawayar ƙwaƙwalwa kuwa yana iya kai shekara 30 alhali buƙatarsa ta ɗan shekara biyar ce. Da zarar ya haura 15, wannan sashe ya sake shi. Idan an doke shi akwai sashen da za a kama mai dukan da shi. Idan kuwa barinsa aka yi cikin ƙazanta, ba wanka, ba magani, abinci sai an ga dama, sai mai gabatar da ƙara ya yi ta lalube.

3.5 Shari'ar Musulunci

Mutumin Kurfi ko Dutsin-ma idan ya ce zai kai ƙara a kan riƙo ko gado, gaban alƙali yake nufi. Jihar Katsina ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, ta kafa kundin hukunta laifuffuka na shari'a a 2001, amma tun kafin wannan al'amuran iyali suna hannun alƙalai masu hukunci da mazhabar Malikiyya. Sashe na 277 na Tsarin Mulki ma ya ambaci ciyarwa da waliccin Musulmi mai raunin jiki ko na hankali a cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take da hurumi a kansu.

A fiƙihu akwai babin da ake kira hajaru, wato hana mutum sarrafa dukiyarsa da kansa domin kare shi, wanda Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibnu Asim suka yi bayaninsa. Tushensa yana cikin ayoyi na 5 da 6 na Suratun Nisa'i, waɗanda suka yi umarni a riƙe wa marar wayo dukiyarsa, a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai daɗi. Abin lura a nan shi ne dukiyar tasa ce, mariƙi ɗan ajiya ne kawai. A mazhabar Malikiyya waliccin dukiya na uba ne, bayansa sai wasiyyin da uban ya naɗa, bayansa sai alƙali ko wanda alƙali ya wakilta. Wa da baffa da kaka ba su da wannan walicci don kawai dangantakarsu, sai idan uba ya yi musu wasiyya ko alƙali ya naɗa su.

Wannan hukunci ya saɓa da abin da aka saba gani. A ƙaddara wani magidanci a ɗaya daga cikin ƙauyukan Kurfi ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu, ɗayansu mai tawaya. An raba gado, kason mai tawayar ya faɗa a kan wata gona, sai babban wansa ya ce shi zai riƙa noma ta yana ci da shi. Kowa ya sa albarka, aka tashi. Ba a rubuta komai ba, ba a je gaban alƙali ba. Bayan shekara biyar gonar ta shiga jingina, bayan goma an sayar, mai gonar kuwa yana yawo a kasuwa da riga ɗaya. A shari'ance wannan ciniki abin tuhuma ne tun daga tushe, domin wan bai zama waliyyin dukiya ta hanyar da aka sani ba, kuma ko waliyyi na gaskiya, in ba uba ba, ba ya sayar da gona ko gidan wanda yake riƙo sai da dalili bayyananne na maslahar mai dukiyar. Alƙali yana da ikon ya bincike shi, ya tuɓe shi idan ha'incinsa ya tabbata, ya sa ya biya abin da ya ci, ya naɗa wani. An ba kura ajiyar nama, amma shari'a ta bar sanda a hannun alƙali.

Haka abin yake ga ciyarwa da reno. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta nuna cewa wajibcin ciyar da ɗa namiji yana sauka daga kan uba idan ɗan ya balaga ba shi da naƙasar da za ta hana shi nema. Idan kuwa ya balaga da ita, wajibcin yana nan. Wannan ya toshe ramin da sashe na 238 ya bari, domin ba a ɗaure shi da shekaru ba, an ɗaure shi da buƙata. Reno kuma a Malikiyya na uwa ne, bayanta sai mahaifiyarta da danginta mata kafin a waiwayi dangin uba, kuma an sharɗanta wa mai reno hankali da amana da iyawa da amintaccen wurin zama. Saboda haka kakar yaro ta wajen uwa tana da ƙafar tsayawa a gaban alƙali ta nemi a ɗauke jikanta daga hannun kishiyar 'yarta. Mata da yawa ba su san suna da wannan haƙƙi ba, sun ɗauka ɗa na gidan ubansa ne ko ana yanka shi.

Wurin da aka fi samun cikas shi ne batun ciki. Malikiyya suna ɗaukar bayyanar ciki ga marar aure a matsayin hujja a kanta, namiji kuwa sai da iƙirari ko shaidu huɗu. Shari'ar Amina Lawal da aka fara a Bakori a 2002, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta rushe hukuncinta a watan Satumba na 2003, ta nuna haka, domin namijin da aka ambata ya musanta aka sallame shi tun a matakin farko. Mace mai tawayar ƙwaƙwalwa babu haddi a kanta tun da ba mukallafa ba ce, wannan ba a jayayya a kai. Amma wanda ya yi mata cikin, wanda sau da yawa ɗan gida ne, yakan tsira da rantsuwa, sai dai idan alƙali ya bi hanyar ta'aziri ya yi aiki da alamomi da shaidar likita.

3.6 Sababbin dokoki

Nijeriya ta tabbatar da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Naƙasassu a 2010. Sashe na 16 na yarjejeniyar ya wajabta kare su daga cin zali a cikin gida da wajensa, ya kuma nemi a sa hukuma mai zaman kanta ta riƙa duba duk wurin da ake ajiye su. Sai dai sashe na 12 na Tsarin Mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Ƙasa ta mayar da ita doka. Wannan ya sa aka kafa Dokar Hana Nuna Bambanci ga Naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. Sashe na 16 nata ya haramta amfani da naƙasasshe wajen bara, da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu. In ban da wannan, ƙarfin dokar ya tafi ne ga hanyoyin shiga gine-gine da motoci da guraben aiki, wato buƙatun gurgu da makaho da kurma waɗanda suka iya fitowa suka yi fafutuka. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ko a gargajiyance akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare masu kai kukan mutanensu fada, amma masu tawayar ƙwaƙwalwa ba su da sarki.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin Dokar Mahaukata ta 1958, ta kuma ambaci ɗauri da sarƙa a cikin abubuwan da ta haramta. A matakin jiha, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a Dokar Kare Yara a ƙarshen 2020, shekara 17 bayan dokar tarayya ta 2003, sannan Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane a ƙarshen 2023, wadda ta samo asali daga ta tarayya ta 2015. A cikin dokar tarayyar akwai wani tanadi a sashe na 28 da ya dace da wannan batu ƙwarai: ma'aikacin lafiya ko ɗan sanda ko malamin makaranta ko jami'in jin daɗin jama'a yana iya neman kotu ta ba da umarnin kariya a madadin wanda ake cuta, kuma ba a buƙatar rubutacciyar yardarsa idan mai tawayar ƙwaƙwalwa ne. Nan ne doka ta amince a fili cewa ba sai waliyyi ba.

3.7 Shaida da kai ƙara

Akwai zaton da ya yaɗu cewa kotu ba ta sauraron maganar wawa. Dokar Shaida ta 2011 ba ta ce haka ba. Sashe na 175 ya ce marar lafiyar hankali yana iya ba da shaida sai fa idan lalurarsa ta hana shi fahimtar tambaya da ba da amsa mai ma'ana, sashe na 176 kuma ya yarda wanda ba ya iya magana ya ba da shaida da rubutu ko da nuni a gaban kotu. Wahalar tana wajen aiwatarwa. Wanda ya fi kowa gane nunin irin wannan mutum shi ne mariƙinsa, wato wanda ake tuhuma. Kuma lauya mai wayo yana iya juya tambaya ɗaya sau uku ya sami amsa uku. A gaban alƙali kuwa an sharɗanta wa shaida hankali da faɗaka, don haka maganarsa ba ta tsayawa a matsayin shaida, sai dai ta zama abin da zai sa a bincika. Wannan ya sa tabon mari a ƙafa, da takardar likita daga babban asibitin Dutsin-ma ko na Kurfi, da shaidar maƙwabta, su ne ainihin abin dogaro.

Maƙwabta kuwa ba su cika magana ba. Mai unguwa yana jin kuka ta bayan danga, amma shiga tsakanin mutum da iyalinsa abin kunya ne, kuma mai gidan yana iya zama surukinsa. Idan maganar ta fito, akan kashe ta a zauren dagaci da sunan sulhu da rufin asiri. Sulhu alheri ne a tsakanin mutane biyu masu iya yafe wa juna. A nan kuwa wanda aka cuta ba ya cikin zaman, wasu ne suke yafewa da bakinsa.

Ƙasar Ingila ta fuskanci irin wannan matsala ta wata fuska. Dokarta ta 2005 ta mayar da muzguna wa baligin da ba ya iya yanke wa kansa shawara, ko yin watsi da shi da gangan, laifi mai zaman kansa da ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Duk da haka a 2011 sai da gidan talabijin na BBC ya ɗauki hoto a ɓoye kafin asirin wani asibitin masu irin wannan tawaya mai suna Winterbourne View ya tonu, aka sami ma'aikata 11 da laifi. Daga baya dokar 2014 ta ɗora wa ƙananan hukumomi wajibcin yin bincike da kansu duk lokacin da suka yi zargin ana cutar da baligi mai rauni, ba sai an kawo musu ƙara ba. Wannan wajibci shi ne abin koyi a nan, kuma a Dutsin-ma da Kurfi akwai waɗanda za a iya ɗora wa shi ba tare da gina sabon ofis ba: masu unguwanni da dagatai da suke ƙarƙashin Yandaka da Maraɗi, da ma'aikatan allurar rigakafi masu shiga gida-gida, da ungozomai, da sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Tambayar da takan tsayar da kowane jami'i ita ce, idan an ɗaure mariƙi, wa zai riƙe mai tawayar? Makarantar kurame ta Malumfashi da ta makafi ta Katsina ba don shi aka gina su ba, asibitin masu taɓin hankali kuma ba wurin zamansa ba ne tun da ba ciwo yake yi ba. Shi ya sa ɗan sanda kan ja wa mariƙi kunne ya mayar masa da wanda ya cuta a yammacin ranar. Hukuncin alƙali na mayar da riƙo hannun dangin uwa, tare da tilasta wa uba ciyarwa da rubuta dukiyar mai tawaya a littafin kotu ana binciken ta shekara-shekara, shi ne ya fi dacewa da halin da ake ciki, kuma ana iya yin sa tare da shari'ar laifin ba sai an jira ta ƙare ba.